Gumbar Mai Rai

Asabar, bayan la'asar

Kai mai karanta wannan, ko ke, tunda shisshigi ya kawo ku cikin littafin tsohuwa, to ku zauna in ɗaure ku. Abinci ne. Dominka aka jiƙa geronsa, da sunanka ake raba shi, jikokinka har kokawa suke yi a kansa, amma kai ko lasa ba za ka yi ba. Mene ne? Kar ku ba ni gari tukuna. Ku riƙe garinku, ni yanzu ba ni da inda zan ajiye shi.

Ni ce Barakatu. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma goyo ya cinye rabinsa, saboda haka in kun ga baƙi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Yasmin, jikata da ke zaune a wurinmu, ita ta ba ni ragowar littafinta, wai in daina magana ni kaɗai a madafi, maƙwabta sun fara tambaya.

Shekaranjiya aka dawo da Malam daga Katsina. Da za a tafi an ce aiki za a yi masa. Da suka duba sai suka ce a kai shi gida ya huta. Ban tambayi kowa komai ba. Matar dillalin shanu ce ni, na san abin da ake nufi in an koro sa daga kara babu wanda ya taya.

Yau bai ci ba. Zafi ne, bazarar bana ba ta da kunya.

Litinin, bayan magariba

Mun mayar da talabijin ɗakin Malam don ya rage kewa. Akwai wani wasan asibiti na Turawa da aka juya da Hausa, ana sa shi bayan magariba. Ka ga Baturiya da gashi kamar gemun masara ta buɗe baki ta ce wallahi tallahi, da muryar 'yar Kano. Sunayensu ba sa zama a kaina, sai na raɗa musu nawa. Babban likitan shi ne Dogo. Akwai Gemun Masara. Akwai wani gajere da kullum idonsa ke ruwa, shi ne Albasa. Asibitinsu ba ƙuda, ba layi, ba mai jinya kwance a tabarma a bakin ƙofa, kuma duk aikin da ke gabansu ba ya hana su soyayya a lungu.

Na yau bai yi mini daɗi ba. Wani tsoho ne, ciwo ya ci shi ya cinye, ya riƙe rigar Dogo yana roƙo ya sallame shi. Dogo ya ja labule. Ya fito da wata 'yar kwalba mai murfi ruwan ɗorawa. Tsohon ya yi barci, aka sa kiɗa mai sanyi.

Yasmin ta ce a'uzubillahi, ta kai hannu za ta kashe. Malam ya ce, "Bar shi."

Da aka gama ya ce, "Su can an yarda da wannan?" Na ce su can ai har kare suke sa wa riga, wa ya san abin da suka yarda da shi. Bai yi dariya ba.

Laraba, da hantsi

Bai ci ba. Ya kurɓi koko, ya tambayi ko yau akwai wasan.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Angona ya zo. Nu'uman ke nan, babban jikanmu, likita a Katsina. A ɗakina aka yaye shi, a bayana ya yi fitsarin da ya fi na kowa yawa, yau shi ne mai farar riga.

Bari in gaya muku yadda yake shigowa gidan nan tun yana da wayo. Tun daga zaure za ka ji shi: "Zailani!" Ni ban faɗi sunan ba, alƙalami ne ya faɗa. "Zailani, har yanzu kana nan? Ka mutu mana mu ci gumba in gaji matata!" Malam kuwa sai ya shafa gemu ya ce, "Ɗan nema, sai na ga furfurarka. Tsohuwar kuma ɗauke ta yau, na yafe maka, har buta zan haɗa maka da ita." Haka suke, ni ina tsakiya ana cinikina kamar tunkiyar da ta ƙi kiwo.

Yau shiru na ji. Sai ga shi ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, barka da Juma'a. Ya ƙarfin jiki?"

Malam ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Likita, ba ka zo mini da kwalbar Dogo ba? Yi mini mana, ku ci gumbarku ku huta."

Kande maƙwabciyarmu tana wurin, ta kwashe da dariya har tana dukan cinya. Yasmin ta yi. Nu'uman ma ya yi 'yar guntuwa. Ni ban yi ba. Tun ina da haƙora duka nake zaune da mutumin nan. In zai yi wasa sai ya fara shafa gemu. Yau hannunsa yana ƙarƙashin mayafi, bai motsa ba.

Asabar, da safe

Malam ya ce in ba su wuri, zai yi magana da jikansa. Na ba su wuri. Wurin da na zaɓa in tsince shinkafa kuwa bayan tagarsu ne, inuwar can ta fi kyau. Kar wanda ya dube ni.

Na ji Nu'uman yana cewa gaskiya ne, akwai wasu ƙasashen da dokarsu ta yarda likita ya yi haka, da sharuɗɗa masu yawa. Ya ce amma a ƙasar nan laifin kisa ne, ko da mara lafiyar shi ya roƙa da bakinsa. Za a karɓe masa takardar aiki, a ɗaure shi. Ya ce balle kuma addini.

Malam ya ce, "Wa zai sani? Daga ni sai kai."

"Allah zai sani, Alhaji."

"Allah ya san abin da nake ji a cikin nan."

Suka yi ta yi. Yaron yana a'a, tsohon yana matsawa, irin matsin da yake wa Bafulatani har ya saki saniyarsa. A ƙarshe Malam ya ce, "Ni na ɗora ka a wuyana na kai ka makaranta ranar farko. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Na jira in ji a'a. Shinkafa tana hannuna ina jira. Abin da na ji shi ne, "Zan dawo ran Alhamis."

Lahadi, da azahar

Motocin shanu suna ta wucewa Mai'adua. Yana kwance yana saurare, daga ƙarar mota yake faɗin wadda ta yi lodi da wadda ta tafi fanko.

Na ce bari in yi masa tatsuniya. Wani tsoho ne ya gaji, ya aika ɗan acaba ya ɗauko masa Mutuwa. Ɗan acaba ya same ta tana tankaɗe. Ta ce, koma ka gaya masa ni ba a aiko mini da abin hawa, da ƙafata nake zuwa, kuma wanda ya tsallake layi ƙarshen layi nake mayar da shi. Ɗan acaba ya ce to kuɗin maina fa? Ta ce zo ka karɓa. Har yau bai je ba.

Da, da ya ce ƙarya nake, ni na ƙirƙira yanzu. Yau ya juya fuska bango.

Bai ci ba.

Litinin, bayan la'asar

Na tare Malam Lawal, limamin unguwarmu, a ƙofar gida. Na ce wata ƙawata ce a Mashi, mijinta ba lafiya, ya fara wata irin magana ta neman a gajarta masa. Ya ce rai amana ne, ba na mai shi ba ne balle na likita, wanda ya ba da shi shi ke karɓa. Ya ce amma kada a yi wa mara lafiya tsawa, zafi ne ke magana da bakinsa. Sannan ya gyara rawani ya ce, "Ki gaishe da ƙawar taki, Hajiya. Ki ce mata zan shigo in duba mijinta in na idar da magariba."

Tsohon banza. Mashi ta dawo unguwarmu ta bayan Kusugu ke nan.

Talata, bayan magariba

An kama Dogo. Gemun Masara ce ta tona shi, don ya daina kula ta. Yanzu wasan asibiti ya koma wasan kotu. Malam yana bayan Dogo, ni ina bayan lauyan gwamnati, wani mai hanci kamar lauje.

Malam ya ce, "Taimako ya yi."

Na ce, "Mahauci ma taimako yake yi, amma ba a kai masa mutum."

Ya ce, "Ke ba ki san komai ba."

Na ce, "Na san ɗan wani za a ɗaure."

Jibi Alhamis.

Laraba

Gobe Alhamis.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zo da 'yar jaka. Ya durƙusa, Alhaji ina wuni. Ya ajiye jakar a kan kujera ya tafi masallaci.

Ban taɓa buɗe jakar namiji ba sai ta Malam, ita ma don neman goro. Na buɗe. Tana ciki, a nannaɗe da auduga. Ƙarama, murfinta ruwan ɗorawa. Sak ta Dogo.

Ƙafafuna suka ɗauke ni ban sani ba. Akwai babbar tukunyar gero a ɗakin ajiya. Na tura hannu har gwiwar hannu, na binne ta, na shafe saman.

Da ya dawo ya zazzage jakar, ya duba ƙarƙashin gado, ya duba mota. Gumi har gemunsa. Ya ce, "Kaka, ba wanda ya shigo?" Na ce daga ni sai ƙuda. Ya ce watakila a Katsina ya baro ta, kuma abu ne da sai da ya sa hannu aka ba shi. Ya ja mota ya koma.

Alhamdu lillahi.

Juma'a, da hantsi

Ban san namiji yana irin wannan sautin ba.

Juma'a, da la'asar

Yasmin ta toshe kunne da filo. Kande ta leƙo ta koma. Ya ciji mayafi don kada a ji shi a waje, an kuwa ji. Ƙwayoyin da aka ba mu a asibiti kamar ana jefa tsakuwa a rijiya. Na tofa duk abin da na haddace. Ko wasan bai tambaya ba.

Ina wucewa ta ƙofar ɗakin ajiya ina kau da kai.

Asabar, da safe

Nu'uman ya dawo hannu wofi, idanu jajur. Ya ce ba ta can, kuma ba a ba da wata haka nan, sai an yi bayanin ta farko. Ya ji nishin kakansa ya tsaya a tsakar gida kamar an dasa shi.

Na ja shi madafi. Na ce, "Angona, kishi ne ya kai ka har haka? Ka yi haƙuri mana, ai ni taka ce, tsohon ya kusa ba ka wuri da kansa."

Ya dube ni. Ya ce, "Kaka. Ke kika ɗauka?"

Na ce, "Murfinta ruwan ɗorawa."

Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Ya ce, "Inna lillahi. Kaka, na kashe zafi ne. Mai ƙarfi ne, shi ya sa ake tsaronsa, amma da awo ake ba da shi, mutum ya samu barci ya tashi. Murfi kuwa kamfani ne ke sa launin da ya ga dama. Ke a talabijin kika yi karatun likita?"

Na ce, "To me ya sa ba ka ce masa a'a ba? Ina bayan taga. Cewa ka yi za ka dawo Alhamis."

Ya ce bakinsa ne ya gaji. Ya ce ranar, tun daga Daura maganar ke bin sa a mota, kuma ba zai yi mini ƙarya ba, ya saurare ta. A Mashi ya faka gefen titi ya yi kuka kamar yaron goye. Ya ce, "Ba zan yi ba, Kaka. Ba don gidan yari kaɗai ba. Hannun nan shi ya riƙe ya koya mini cin tuwo. Abin da zan iya shi ne in cire masa zafin, shi na je nema."

Na tafi na tono ta. Gero ya zube ko'ina. Kwana biyu na azabar mutumin nan a wuyana suke, ni da wayona.

Asabar, bayan azahar

An yi masa allurar. Ya yi barci. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ban yarda da kowa ba, har angon nawa.

Ya farka wajen la'asar, fuskarsa a sake. Ya dubi rufi, ya dube ni, ya ce, "Au. Har yanzu ina nan?"

Ba murna a ciki.

Litinin, da hantsi

Zafin ya kwanta, maganar ba ta kwanta ba. Jiya ya sake yi wa yaron ita a waya. Yau ina goge masa baya na ce, "Malam, yanzu kuma mene ne? Ciwon ai an ɗaure shi."

Ya ce, "Barakatu, tun da aka dawo da ni wa ya zage ni?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Jikokina. Da, in sun shigo, wannan ya ja hulata, wancan ya ce tsoho ka ƙi mutuwa ka hana mu gumba. Yanzu kowa sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya. Haka ake yi a maƙabarta. Ba likitan Katsina ne ya gaya mini ba, ranar da Nu'uman ya ce mini Alhaji na sani. Kun riga kun binne ni da ladabi. Abin da ya rage a haƙa ramin, shi nake cewa a hanzarta."

Na ci gaba da goge masa baya.

Geron da na zubar ranar Asabar yana nan a ƙwarya, ban mayar ba. Na daɗe ina kallonsa.

Laraba, da yamma

Na sa Yasmin ta buga wa jikoki waya kaf, na Kano da na Zango da na nan cikin gari. Juma'a kowa ya zo da yunwarsa. Wanda ya gaishe da tsoho da ladabi ba zai ci ba.

Kande ta ga ina surfe ta ce na mene ne. Na gaya mata. Ta dafe ƙirji: "Gumbar mai rai? Barakatu, kin haukace? Ai fata kike masa! Me gari zai ce?" Na ce gari ya ce Barakatu ta haukace, ba yau ya fara ba. Ta ruga ta kai ƙarata wurin Malam Lawal. Ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka hana mutum ciyar da jikokinsa ba, a ajiye masa nasa.

Amma tsoro nake ji. In ya ɗauka korarsa nake fa? In ya juya bango bai sake juyowa ba?

Alhamis

Na jiƙa. Na sayi citta da kanumfari. Bai ci ba.

Juma'a, bayan la'asar

Da kaina na daka, a ƙofar ɗakinsa, don ya ji. Ya ce, "Dakan me ake?" Na ce, "Naka."

Yara sun cika tsakar gida, sun yi tsuru-tsuru, ba mai son farawa. Na ɗora tiren gumba a gaban gadonsa. Ya dubi tiren, ya dube ni.

Sai daga zaure: "Zailani!"

Muryar ta karye a tsakiya, amma ya ƙarasa. "Zailani, mun gaji da jiranka! Mun zo cin gumbarmu, in ka ga dama ka mutu daga baya!"

Sai na ga mayafi ya motsa. Hannu ya fito a hankali, duk ƙashi, ya hau gemu.

Ya ce, "Ɗan nema. Likitan da tsohuwa ta yi wa sata."

Gidan ya fashe. Yasmin ta ce ita rediyonsa za ta gada. Ikrima na Kano ya sa hularsa ya ce ta yi masa, a bar masa tun yanzu. 'Yar autar Zango ta hau gado ta ce, "Kaka, in ka mutu za a sake yin wata?" Ya ce, "Tambayi marowaciyar can." Nu'uman ya kama hannuna wai a ɗaura aure yanzu tunda ga liman ya leƙo karɓar nasa, Malam ya ce a ɗaura, amma ba a dawo da kaya in an gano ba haƙora.

Suna wawaso ya ce, "Kai, ku tsaya. Gumbar wa ce?" Suka ce taka. Ya ce, "To miƙo."

Ya ci. Ya ci, jama'a. Ya ƙara.

Sai da kowa ya watse Yasmin ta tuna yau ne za a yanke wa Dogo hukunci. Ba wanda ya kunna. Malam ya ce a bar Dogo da alƙalinsa.

Talata, da safe

Nu'uman yana zuwa yana yi masa allurar kashe zafi, suna zagin juna. Waccan maganar ba ta sake fitowa ba. Cin dai kaɗan ne. An yi ruwan farko, ya sa an buɗe taga ya shaƙi ƙasa, ya ce bana gero zai yi.

Lahadi

Ba zan rubuta yau ba.

Laraba, da hantsi

Ina ɗaki, ba fita. Mata suna shiga suna fita. Mutuwa da ƙafarta ta zo, tsakanin azahar da la'asar, ba wanda ya aika mata abin hawa. Angona yana riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalma. Shi ya shiga ramin ya karɓe shi, da hannun nan nasa, kuma ya iya duban kowa a ido.

Yau sadakar uku. Ina jin turmi a tsakar gida, Kande ce ke daka. Jikoki sun fara rigima a kan tire.

Ku kawo garin nan yanzu. Amsar ita ce gumba. Ta Malam sau biyu aka daka ta. Ta farkon ya ci, ya ce sukari ya yi kaɗan.